Gaskit Ɗin da Ya Ƙone a Hanyar Guri

Rumfar Hajja Fanna tana can ƙuryar kasuwar kifi ta Haɗejiya, kusa da inda masu busassun kwaɗi ke shimfiɗa buhunansu. Doguwar mace ce da ta haura hamsin, da zanen Barebari a kumatu, kullum cikin lafaya mai ƙamshin turaren wuta da hayaƙin banda a haɗe. Hajja sunan kakarta ne aka laƙaba mata, ba ta taɓa zuwa Makka ba. In ta ɗaga tarwaɗa ta danna cikinta da babban yatsa, ta san ko da asuba aka fito da ita daga ruwa ko ta kwana a kwale-kwale. Masunta na shakkar bakinta, amma suna son ciniki da ita, don magana ɗaya take yi.

A Doron Baga aka haife ta, bakin Tafkin Chadi, a gidan masu banda. A can ta auri Zarami, wanda a lokacin yake da babbar mota tasa ta kansa, yana ɗaukar kwalayen bandar kifi zuwa Maiduguri, wani sa'in har kudu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. In yana tuƙi yakan karkatar da kai gefe kamar mai sauraron wani a bayan ƙofa, alhali injin yake saurare. Shekarar da aka tarwatsa garinsu da ƙafa suka fita, ita da shi da 'yarsu Mardiyya. Motar tana tsaye a tasha da kaya a kanta aka cinna mata wuta. Bai gani da idonsa ba, a hanya wani ya ba shi labari. Ya yi salati, ya ci gaba da tafiya, bai ƙara tayar da maganar ba.

Sun zo Haɗejiya ne saboda akwai kogi, akwai kuma wasu dillalan kifi da suka san shi tun can. Zarami ya nemi tuƙi, sai dai irin wanda za a ba ka mota yau, gobe ɗan mai ita ya dawo a karɓe. Da ya gaji, ya koma zaman ƙofar gida da carbi. Fanna ce ta tashi. Ta ari rabin ganga da guntun ragar ƙarfe, ta fara banda a tsakar gidan da aka ba su haya, maƙwabta na ƙorafin hayaƙi tana aika musu da kan tarwaɗa su yi miya. Daga ganga ɗaya ta koma uku, daga tsakar gida ta samu rumfa. Da tafiya ta yi tafiya ta sayi mota, tsohuwa mai dogon baya, ruwan toka, aka cire kujerun baya don baho-bahon kifi su samu wuri. Ranar da aka kawo ta, Fanna ta ajiye makullin a kan buzun sallar mijinta, ta shige madafa. A tasha motar Ba Zarami, wato Baba Zarami, ake ce mata. Fanna ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

Abin da ya same su ya faru ne a kakar wata shekara da ruwa ya yi yawa, ya cinye gonakin shinkafa na kwari, ya yanke hanyoyi. Da ruwan ya fara janyewa sai kifi ya yi arha a yankin Guri, ko'ina tafki ne ya bar tarwaɗa da karfasa a baya. Irin wannan lokacin ba ya daɗewa, kuma shi ke riƙe mai banda har rani. Fanna ba ta zama. Kullum da sassafe suna hanya.

A cikin haka Zarami ya ce mata lagireto, ma'ajin ruwan da ke sanyaya inji, na ɗiga. Kowace safiya sai ya cika shi da jarka, kafin su dawo ya yi ƙasa.

"Hajja, ki ba ni yini ɗaya in kai motar wurin Abdulwahid bakanike," in ji shi.

"Yini ɗaya a wannan lokacin? Bari kifin ya yi sauƙi, in ya so ta yi mako a can."

Ya sake faɗa bayan kwana biyu, ta sake ba shi amsa ɗaya. Daga nan ya ƙara jarka ta biyu a bayan kujera.

Ranar da abin ya faru sun baro bakin ruwa a makare, don ciyawar kacalla ta toshe wa masunta hanya, ba su fito ba sai da rana ta ɗaga. Fanna ta sayi fiye da abin da ta saba, har bayan motar ya zauna. Aka rufe bahunan da jiƙaƙƙun buhuna. A wani wuri ruwa ya fasa titin, sai an sauka an zaga ta cikin fadama, laka a nan, yashi a can, motar na gurnani a ƙaramar giya. Kafin su hau titi Zarami ya rage gudu.

"Allurar zafi ta haura rabi, Hajja. Bari mu tsaya gindin tsamiyar can ta huce."

"Ba ka zuba mata ruwa da safe ba?"

"Na zuba. Ya tsiyaye."

A daidai nan wata a-kori-kura ta wasu 'yan kifi ta wuce su, ta bar musu feshin laka a gilashi. Fanna ta juya ta ɗaga bakin buhu ta shinshina. Karfasa ba ta jure rana, ta fara sakin jiki.

"In muka tsaya, kifin nan sai dai a zuba wa kuliyoyi."

"In ba mu tsaya ba injin ne zai tafi."

Zafi ya dame ta, tun safe ba ta sa komai a ciki ba, ga wani masunci ya ɓata mata rai a bakin ruwa. Duk waɗannan ta sha lissafa wa kanta su daga baya, ba ko ɗaya da ya wanke ta.

"To ya tafi mana," in ji ta. "Motar nan ni na saye ta. In ta ƙone tawa ce ta ƙone. Taka ai ta riga ta ƙone tuntuni."

Zarami bai kalle ta ba. Ya ɗauke ƙafa daga birki, ya sa giya, suka wuce tsamiyar. Tun kafin su hau titi ta so ta janye maganar, amma ba ta saba ba, ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta zuba ido a hanya. Sun yi tafiya mai ɗan nisa a haka, har motar ta fara fizga, ƙarfinta ya ragu, wani wari kamar na ƙonannen sukari ya cika ciki. Farin tururi ya taso daga gaba. Injin ya yi tari, ya mutu.

Zarami ya gangara da ita gefen titi. Ya fita, ya ɗauki jarka da tsumma, ya ɗaga bonet. Fanna tana zaune, ta 'yar kafar da ke ƙarƙashin bonet ɗin tana hango hannunsa. Ta ga ya naɗe tsumman a marfin lagireto. Ta sha jin yana hana direbobi wannan abin a tasha, yana ce musu a jira sai hannu ya iya zama a kan ƙarfen. Ta buɗe baki za ta ce ya dakata, ruwan ya riga ta. Ya taso sama da ƙarfi, ya wanke masa hannun dama tun daga yatsu har gwiwa, ya fallatsa masa a wuya.

Bai yi ihu ba. Ya ja baya ya zauna a ƙasa, yana riƙe da hannun nesa da jikinsa kamar ba nasa ba.

Masu yankan shinkafa a tudun da ke kusa suka sheƙo. Wani ya ce a kawo ɗanyen ƙwai, wani ya ce manja. Zarami ya ce ruwa kawai. Fanna ce ta riƙe jarkar tana tsiyaya masa, don gaggawa rabin ruwan a ƙasa ya ƙare. Aka samo babura biyu, aka ɗora shi a ɗaya, ita a ɗaya. Wata dattijuwa daga ƙauyen da ke gefen hanya ta tambaye ta yadda za a yi da kifin.

"Ku kwashe," in ji Fanna. "Duka."

A asibitin Haɗejiya aka kwantar da shi ɗakin maza, aka naɗe hannun da bandeji. Washegari direbobin tasha suka jawo motar da igiya zuwa garejin Abdulwahid, da yamma suka zo dubiya. Fanna na zaune a kan tabarma gefen gado, da kwanon abinci a gabanta.

"Ba Zarami," in ji babba a cikinsu, "kai da ke mana faɗa kullum a kan marfin nan, yaya aka yi?"

"Ganganci ne," in ji Zarami. "Allura ta hau ban lura ba, hankalina ya tafi wani wuri. Da ta tsaya kuma na yi gaggawa."

Suka yi masa 'yar tsiya irin ta abokan aiki, wani ya ce tsufa ne, gara a saya masa tabarau, aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Fanna ta sunkuyar da kai tana juya cokali a cikin kwano. Ta jira ko zai dube ta. Bai duba ba.

Mardiyya, wadda yanzu take aure a cikin gari, ta ja ta waje bakin baranda.

"Umma, gaskiya idon Baba ya fara rauni. Mutumin da ya yi shekaru a kan hanya ya kasa ganin allura? Yau hannu ne, gobe ba mu san me zai faru ba, kuma ke ma kina ciki. In ya warke ya huta. A samo miki wani direban."

"Bari dai ya warke," in ji Fanna.

Kwanakin nan abinci bai wuce mata ba. Tana salla sai ta rasa a raka'a ta nawa take. Ba ta buɗe rumfa ba, aka yi ta yabon ta a kasuwa, wai dubi yadda ta bar ciniki a tsakiyar kaka ta tare a gindin mijinta. Ana cikin haka dattijuwar nan ta ƙauye ta aiko da kwali biyu na banda, da saƙon cewa sun ci wanda suka ci, sauran sun gyara mata, kuma sun ga yadda ta rikice a ranar, Allah ya bar irinsu tare. Fanna ta sa aka tura kwalayen ƙarƙashin gado a gida, ba ta ko buɗe ba.

Ranar da Abdulwahid ya aiko cewa zai buɗe injin, Zarami ya ce ta je ta gani. Garejin yana ƙarƙashin itatuwan darbejiya a hanyar fita gari. Abdulwahid jikan maƙeran cikin birni ne, mutum mai shekara arba'in da wani abu, kakansa garma da lauje yake ƙerawa, shi ya koma mota. Ya kakkaɓe mata benci, ta zauna.

Ya zaro ƙarfen gwada mai ya nuna mata. Maimakon baƙin mai, wani abu ne fari-fari mai kauri kamar kunun gyaɗa.

"Ruwa ya shiga mai, Hajja. Gaskit ya tafi."

Ta kalle shi yana aiki. Ya tsiyaye man a tsohon galan, ya cire fulogai, ya jera su a kan kwali. Ɗaya a cikinsu a jiƙe yake, ya wanku tas kamar sabo. Ya yi alama da farin fenti a jikin bel kafin ya zare shi, ya kwance bututun salansa, ya dinga zuba ƙananan notuna a gwangwanin madara. Daga nan ya kama dogayen kusoshin da ke riƙe da saman injin, wanda kanikawa ke ce wa top, yana sassauta su kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan. Da ya gama ya buga shi da guntun katako, ya rungumo shi ya dire a kan tebur.

Gaskit ɗin wani falle ne kamar kwali, da ramuka manya da ƙanana, bakin manyan da zoben ƙarfe. Abdulwahid ya ce shi ke raba wuta da ruwa da mai, kowa ya bi hanyarsa. Ya ɗaga shi sama. Tsakanin ramuka biyu na tsakiya ya ci wuta ya tsinke, wurin ya yi baƙi. Ya kife top ɗin, ya goge fuskarsa da fetur, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, ya ce ta sunkuyo. Ta ga haske na wucewa ta ƙarƙashin ƙarfen a tsakiya.

"Ya gantsare. Ko an sa sabon gaskit ba zai zauna ba. Sai an aika shi Kano an goge masa fuska a inji." Ya ajiye ƙarfen, ya daɗe yana murza hannunsa da tsumma. "Hajja, akwai abin da nake so in faɗa miki. Kwanakin baya Ba Zarami ya biyo nan, na ga ɗigon da idona. Na ɗaure masa tiyo da waya, na ce ya dawo. Da na riƙe makullin na ce ba inda za ta je, da yanzu yana da hannunsa. Na kasa zuwa asibitin ma, kunyarsa nake ji."

"Ba kai ba ne," in ji Fanna.

"Haka kowa ke ce mini."

"Ni na san abin da nake faɗa. Ya nemi ya kawo ta har sau biyu. Ni na hana."

Abdulwahid ya dube ta, ya kawar da kai, ya ɗauki reza ya fara kankare ragowar tsohon gaskit daga jikin injin. Ƙarar kankarar ce kawai ake ji. Fanna ta san rabi ta faɗa, rabin da za ta iya ɗagawa. Ɗaya rabin ta tashi da shi ta tafi gida.

Top ɗin ya je Kano ya dawo yana sheƙi kamar sabon faranti, amma Zarami ya aika cewa kada a rufe injin sai yana wurin. Motar ta zauna da cikinta a buɗe, an lulluɓe shi da buhu, har aka sallame shi.

A gida komai sai an yi masa. Kunu yakan sha da hagu, amma tuwo ya ƙi, ya ce bai taɓa ci da hagu ba, ba zai fara da furfura ba. Ita ke ba shi a baki. Wata rana da azahar suna zaune a inuwar katanga, ta yanko loma ta tsaya da ita a hannu.

"Baban Mardiyya, maganar da na yi a mota."

"Miyar tana hucewa, Hajja."

"Ka yafe mini."

Ya karɓi lomar, ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Na yafe tun muna kan babur. Kuma ai ba ƙarya kika yi ba. Ke kika saya. Tawa kuma ta ƙone."

Babu zafi a muryarsa, kamar mai faɗin cewa gobe Talata. Da ya yi mata faɗa da ta fi jin daɗi.

"Amma marfin ni na buɗe," ya ci gaba. "Na san yana tafasa. Raina ne ya ɓaci, na ce bari in gama da shi mu tafi. Wannan nawa ne. Kada ki ɗauka ki haɗa da naki."

Ta so ta tambaye shi wa ya ɓata masa ran, amma ya riga ya buɗe baki yana jiran loma, sai ta ba shi.

Bayan kwana kaɗan Mardiyya ta zo da magana a shirye. Ƙanen mijinta direba ne, ba shi da mota a hannu, ta riga ta yi masa magana ya yarda. Ta faɗi haka ne a gaban uban, cikin ladabi, tana cewa ya yi wahala ta isa, idonsa ma yana buƙatar a duba. Zarami ya zuba wa bandejin hannunsa ido. Fanna ta ga ba zai kare kansa ba, zai bari a karɓe motar a hannunsa a kan abin da bai yi ba.

"Idon babanki lafiyarsa lau," in ji ta. "Ya ga allurar. Ya ce mu tsaya, na ce a'a."

"Hajja," in ji Zarami.

"Bari ta ji." Ta faɗa wa 'yarta duka, har kalmar ƙarshe, ba ta rage ba, ba ta kuma kawo zancen zafi ko yunwa ba.

Mardiyya tana yarinya lokacin da suka baro Baga, amma ta tuna motar, ta tuna ana ɗora ta a kan sitiyari tana danna ham. Ta kalli uwarta kamar yau ta fara ganin ta. Ta gyara mayafi, ta durƙusa ta yi wa uban sallama, ta fita.

"Me kika ƙara da wannan?" in ji Zarami. Wannan karon ransa ya ɓaci. "Magana ce ta cikin mota, a mota ya kamata ta tsaya. Yanzu kin ɗora wa yarinya."

Fanna ta yi zaton in ta faɗa za ta ji sauƙi. Abin da ta samu shi ne Mardiyya ta daina biyowa ta rumfa in ta fito cefane, gaisuwa ma sai ta waya, a taƙaice.

Ranar haɗa injin suka tafi garejin tare a keke-napep. Abdulwahid ya taso da sauri, ya rasa hannun da zai kama, ya kama gefen rigarsa. Zarami ya ce masa ya bar wannan, ya nuna masa aiki. Aka ajiye masa kujera daidai gaban motar. Fanna ta zauna can baya a kan benci.

Abdulwahid ya sake goge fuskar injin har ba ɗigon mai, ya hure ramukan kusoshi. Ya zaro sabon gaskit daga leda, ya miƙa wa Zarami. Shi kuma ya juya shi da hagu, ya ɗaga shi a rana, ya duba bakin zobban, ya gyaɗa kai. Aka shimfiɗa shi, kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa, aka ɗora top a hankali don kada ya goce.

"Daga tsakiya za ka fara," in ji Zarami.

"Na sani, Ba Zarami."

"Na san ka sani. Ina faɗa ne don bakina kawai ya rage mini."

Suka yi dariya su biyu. Abdulwahid ya ɗaure na tsakiya, ya tsallaka, ya dawo, yana faɗaɗawa zuwa gefuna, bai matse ko ɗaya a tashi guda ba. Ya zagaya ya sake zagayawa da doguwar sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in ƙarfin ya kai. Fanna ta lura duk lokacin da ya ja sifanar, kafaɗar Zarami ta dama sai ta motsa, hannun da ke cikin bandeji ya ɗan ɗaga daga cinyarsa ya koma. Ta kawar da ido ta kalli kajin da ke tonon ƙasa a gindin darbejiya.

Aka mayar da bel a kan alamarsa, aka sa sabon lagireto da sabon tiyo, aka zuba mai da ruwa. La'asar ta yi, suka yi salla a kan kwali. Sannan Abdulwahid ya miƙa wa Zarami makulli, ya tuna da ciwonsa, ya tsaya da shi a hannu. Zarami ya ce ya tayar kawai. Injin ya yi ta juyi kafin ya kama. Farin hayaƙi ya fito ta salansa, Fanna ta miƙe tsaye, Abdulwahid ya ce mata ragowar ruwan da ya kwana a bututu ne, yanzu zai wuce. Ya wuce. Suka bar ta tana aiki har fanka ta tashi ta tsaya, ta sake tashi. Zarami ya karkatar da kai ya daɗe yana saurare.

"Ta yi," in ji shi. "In ta yi 'yan kwanaki a sake mata mai."

Motar ta rigaya mai tuƙinta warkewa. Kakar kifin ta wuce ba su ci ko rabinta ba. Sai da aka fara ban ruwan alkama a fadama aka cire masa bandeji gaba ɗaya. Fatar ta haɗe, fari da ja a cakuɗe, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Likita ya ce a dinga shafa mai ana motsa su, ko Allah zai sa su saki. Zarami ya koma tuƙi, da tafin hannu yake tura giya. A tasha har yau labarin da ya bayar shi ne labari, in an ga sabon direba zai taɓa marfi da zafi sai a ce masa ya je ya ga hannun Ba Zarami. Yana ji, ba ya gyara musu. Fanna ma tana ji, in magana ta biyo ta kasuwa.

Mardiyya ta dawo da kanta bayan ta haihu, don dole uwar ce ta yi mata wankan jego. Ba su sake tayar da zancen ba. Sai dai in za ta ba da jaririn, uban take fara miƙa wa.

Bakin Fanna a kasuwa yana nan yadda yake, masunta ba su ga wani canji ba. A mota ne ta koma shiru, har Zarami ya taɓa ce mata shirun ya fi surutun gajiyar da shi. Kowace safiya kafin su fita takan ɗumama man kaɗanya a murfin kwano, ta zauna a gabansa ta kama hannun, ta bi tabon da yatsa tun daga gwiwa, ta zo kan yatsun biyu tana jan su a hankali. Da sanyi sun fi ƙagewa. Wata safiya da ta daɗe tana yi, ya ce mata:

"Ya isa haka, Hajja. Ba za su miƙe ba."

"Na sani," in ji ta.

Ta ƙara lakato man, ta ci gaba da murzawa.